Habila Mai Faskare da Ƙwallo Uku

Ga ta nan, ga ta nanku, yaran da ke kan benci da iyayen da suka raɓe a bakin taga.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To, ku gyara zama. Mai gyaɗa a aljihu ya bar ta sai an tashi.

Akwai wani mutum a ƙasar duwatsu, inda aka haƙi kuza a zamanin da, aka bar ramuka suka cika da ruwa. Sunansa Habila, sana'arsa faskare. Duk garin babu mai hannunsa. In kututture ya gagari maza uku, sai a ce, "A kira Habila." In ya zo kuwa ba ya doguwar gaisuwa. Sai ya tofa yawu a tafi, ya damƙi ƙotar gatari har jijiyoyin hannunsa su tashi kamar igiya, ya ɗaga, ya sauke. Icen da bai tsage a saran farko ba zai tsage a na biyu. Abin da ya sani ke nan tun tasowarsa: duk abin da ya ƙi, a ƙara masa ƙarfi.

Yana da 'yar gona da gida a gefen wani tsohon rami. Wata damina ruwa ya yi yawa, ƙasa ta zabtare, kwazazzabo ya cinye gonar ya haɗa da ɗakunan. Allah ya tsare rayuka. Habila ya kwashi matarsa Tabita da 'ya'yansu mata biyu, Lami da ƙanwarta, suka raɓa a ɗaki guda a gidan wan Tabita, mai suna Irmiya. Irmiya mutumin kirki ne, amma ɗansa zai yi aure bayan Ista, kuma ɗakin nan shi ne ɗakin amarya. Har an sayo fenti an ajiye a bakin ƙofa. Ba wanda ya ce wa Habila ya tashi. Bokitin fentin ne ke gaya masa kowace safiya.

A bayan garin kuwa akwai wani maigida mai babban fili, ciyawa shimfiɗe kamar darduma, ana ba ta ruwa daga tsohon tafkin kuza da ke tsakiyar filin. A can manya ke zuwa yin wasan da Turawa ke kira golf, mu kuma muke ce masa ƙwallon lambu. Ƙwallon fari ne, bai kai ƙwan zabuwa girma ba. Ana bugunsa da siririyar sandar ƙarfe mai lanƙwasasshen kai, a bi shi a ƙafa, a sake bugu, har a jefa shi cikin ɗan rami.

Sai maigidan ya aika a yi shela cewa yana neman ma'aikata biyu masu kula da ciyawa, kowanne za a ba shi ciki da falo a bayan filin. Amma yana da wata al'ada da ba ya sakewa. Yakan ce, "Wanda bai taɓa buga ƙwallo ba, ba ya tausayin ciyawa. Gona zai mai da mini fili." Saboda haka duk mai neman aiki sai a koya masa bugu kwana biyar, daga Litinin zuwa Jumma'a. Ranar Asabar a tsayar da shi a bakin tafki, a ba shi ƙwallo uku. In ɗaya ya tsallake ruwa ya sauka a hayi, aiki da ɗaki nasa ne. In duka uku suka nutse, ya koma inda ya fito.

Da Habila ya ji, sai ya yi dariya a karo na farko cikin watanni. Ya ce wa matarsa, "Tabita, fara ɗaure kaya. Ni da nake tsaga maɗaci, ƙwan zabuwa ne zai gagare ni?"

Ta ce, "Allah ya sa, Baban Lami. Amma ka je ka ji abin da za su ce tukuna."

Ranar Litinin mutum biyu suka tsaya a filin. Habila, da wata gwauruwa mai suna Kyauta, siririya, wadda ke cin abinci da yankan ciyawa a bakin hanya. Mai koyarwa kuwa wani tsoho ne, Baba Obadiya, wanda ya fara ɗaukar jakar sanduna tun zamanin Turawan kuza. Tsufa ya ranƙwafar da shi, hannunsa kamar busasshen reshe. Amma ya ajiye ƙwallo, ya juya kamar mai miƙa, sai suka ji "ƙas!" Ƙwallon ya tashi, ya ƙetare tafkin, ya sauka can nesa ya yi ta gangarawa.

Habila ya ce a ransa, "In wannan kwarangwal ya kai hayi, ni sai na kai garin gaba."

Bai jira a ce masa komai ba. Ya karɓi sanda, ya tofa yawu a tafi, ya damƙe, ya ɗaga ta bisa kai, ya sauke da dukan ƙarfinsa. Wani ɓangaren ƙasa kamar faifai ya tashi sama da ciyawarsa. Da ƙura ta lafa, ga ƙwallon nan a inda yake, ko motsi bai yi ba.

Kyauta ta tafa hannu ta ce, "Sannu da noma, Sarkin Faskare! Doya za a shuka ko rogo?"

Baba Obadiya bai yi dariya ba. Ya sunkuya a hankali, ya ɗauko ɓangaren ƙasar, ya mai da shi gurbinsa, ya taka da diddige. Sa'an nan ya ce, "Ɗana, yanzu ka nuna mini abin da ka sani. Za ka bari in nuna maka abin da na sani?"

Sai ya fara da ƙafa. Ya ce su buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, su ɗan saki gwiwa kamar mai shirin zama a kan turmi amma bai zauna ba. Su sunkuya daga ƙugu, baya a miƙe, hannuwa su rataya da kansu. Ya nuna musu riƙo: hannun hagu a sama, na dama a ƙasa, su manne kamar hannu guda, sandar kuma a kwance cikin yatsu, ba a tsakiyar tafi ba. Ya ce, "Ba hannu ke bugu ba, jiki ne. Ka juya har bayanka ya kalli tafki, nauyinka ya koma ƙafar dama. Sa'an nan ka warware, nauyi ya dawo hagu, har cibiyarka ta kalli inda kake so ƙwallon ya je. Sanda kuwa ta wuce abinta. Ƙwallon a hanya kawai ta same shi."

Kafin rana ta take, ƙwallon Kyauta ya fara ɗagawa daga ƙasa. Na Habila kuwa, in bai binne shi ba, ya aika shi gefe kamar ɓeran da aka kora.

Ranar Talata tsohon ya zo da damin busasshen karan dawa. Ya karɓe sandar Habila ya ba shi kara, ya ce ya juya da shi. Habila ya riƙe, karan ya ce "ƙaras," ya murƙushe a hannunsa. Aka ba shi wani, shi ma haka. Sai da ya murƙushe tara.

Baba Obadiya ya ce, "Ƙarfin da ba zai fasa kara ba, shi ne ƙarfin riƙon sanda. Abin da ya wuce haka ɓarna ne."

Habila ya ce, "Baba, in na sassauta ai sai ta kuɓuce."

"Shekara hamsin ban ga ta kuɓuce ba. Wadda aka shaƙe ce na ga ta ƙi tafiya."

Akwai kuma wata cuta ta biyu. Kafin sanda ta taɓa ƙwallo, Habila ya riga ya ɗaga kai yana leƙen hayi. Kai in ya tashi, kafaɗa sai ta bi shi, sanda ta daki ƙwallon a ƙeya. Sai tsohon ya zaro ƙwayar wake daga aljihu, ya danna ta cikin ƙasa, ya ɗora ƙwallon a kanta. Ya ce, "In ka buga, kada ka ɗaga kai sai ka ga waken nan. Kallon hayi ba aikinka ba ne. Ko ka kalla ko ba ka kalla ba, ƙwallon ya riga ya bar hannunka."

Habila ya buga sau ashirin. Bai ga waken ba ko sau ɗaya.

Ranar Laraba Baba Obadiya ya kai shi gefen fili inda doguwar ciyawa take, ya miƙa masa langalanga. Ya ce, "Yau ba ka da sanda. Ka share mini wannan gefen."

Ran Habila ya ɓaci. Ya ce, "Baba, langalanga? Aikin fursunoni da 'yan makarantar da suka makara? Saura kwana uku, ka ba ni wannan?"

Tsohon ya ce, "Gatari a cikin ice yake tsayawa. Tun kana yaro hannunka ya koyi cewa inda ka sara, nan aiki ya ƙare. Langalanga ba ta tsayawa. Tana shafar kan ƙasa ta wuce ta hau kafaɗa. Me kake tsammani ya sa matar nan ta riga ka? Ba ta fi ka ƙarfi ba. Hannunta ne ya saba da wucewa."

Kyauta daga can ta ɗaga murya ta ce, "Malam Habila, in ka gama nan akwai harabar coci, ita ma ta yi ciyawa!"

Ya yi aikin, amma da fushi. Duk da haka wajen la'asar, da gajiya ta sassauta shi, sai langalangar ta fara yi masa wata 'yar ƙara a iska, "fiu, fiu," ciyawa na kwantawa a jere. Tsohon ya ce, "Yauwa! Ka ji wannan ƙarar? Ita muke nema." Habila ya ji, amma zuciyarsa ba ta yarda ba. A ganinsa wasa ake yi da shi, kwanaki kuwa na tafiya.

Da ya koma gida da yamma, ya tarar an fitar da tabarmarsu da tukwane tsakar gida, mai fenti ya fara bango ɗaya. Matar Irmiya ta ce, "Ku yi haƙuri, gefe ɗaya ne kawai, don ya bushe da wuri." Tabita kuwa tana zaune kan kujera 'yar tsugunno, ƙaramar 'yarsu a cinya.

Sai tsoro ya kama Habila. Mutum kuwa in tsoro ya kama shi, abin da ya saba yake komawa. Ya ce a ransa, "Tafkin nan taki ɗari ne. Kara da langalanga ba za su kai ni ba. Hannu zan ƙara." Ya samo guntun rodi mai nauyi, mai tsatsa, ya tattaro ƙwallon mangwaro cike da kwando, ya zaga bayan gida kan fako. Ya yi ta dukansu har rana ta faɗi. Da gari ya waye, kafin ya tafi fili, ya sake. Yammar Alhamis ma haka, da safiyar Jumma'a.

Tabita ta same shi a can ta ce, "Baban Lami, haka tsohon ya ce ka yi?"

Ya ce, "Tsohon yana da ɗaki."

Ga shi kuwa gatari a tafi ya yi masa kanta, amma rodin a gindin yatsu ya ci shi, inda fata ke da taushi. Wurin ya yi bororo, bororon ya fashe, wani ya fito a kansa.

Ranar Jumma'a Baba Obadiya ya ga yadda yake ɓoye hannu. Ya ce, "Buɗe." Habila ya buɗe. Tsohon ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Wa ya ba ka wannan aikin?"

Habila ya sunkuyar da kai.

"Ni dai ban ba ka ba. Na ba ka kara, ka je ka ɗauko ƙarfe." Ya yi ajiyar zuciya. "Ka saurara, ɗana. Gobe dokar maigida ita ce mai koyarwa ba ya magana. Zan zauna a can kamar dutse. Ko na ga kana faɗawa rami ba zan ce uffan ba. Duk abin da zan gaya maka na riga na gaya maka." Ya zaro ƙwayar waken ya sa masa a aljihun riga. "Yau kada ka taɓa komai. Ka je ka sa man kaɗanya."

Ranar Asabar da hantsi suka taru a bakin tafki. Maigida na zaune a kujera ƙarƙashin laima. Baba Obadiya a gefe kan wani dutse. Tabita ta biyo mijinta ba tare da ya sani ba, ta tsaya nesa a gindin wani mangwaro. Ruwan tafkin kore ne shar, ba a ganin ƙasansa. Habila bai taɓa ganin faɗinsa kamar ranar ba.

Kyauta ce ta fara. Mai yawan ba'a yau bakinta ya mutu. Ƙwallonta na farko ya tashi kaɗan ya faɗa tsakiyar ruwa, tsundum! Ta goge tafi a zani, ta ja numfashi, ta sake tsayawa. Na biyu ya ɗaga, ya yi kamar ba zai kai ba, ya sauka taki uku bayan bakin ruwa. Ta durƙusa a wurin ta ce, "Na gode, Yesu." Maigida ya ɗaga hannu alamar an karɓe ta.

Sai aka ajiye wa Habila ƙwallo uku a kan ciyawa.

Ya tsaya. Ya dubi hayi, ya tuna da bangon da aka yi wa fenti. Hannunsa da kansa ya tafi baki, ya tofa yawu, ya damƙe sanda duk da zafin da ya ratsa shi. Ya ɗaga, ya sara. Ƙasa ta tashi. Ƙwallon ya gangara a hankali kamar mai jin kunya, ya shige ruwa a baki-baki.

Maigida ya dubi ramin da aka yi masa a ciyawa, ya ce, "Ɗaya."

Habila ya ɗauko ɓangaren ƙasar ya mayar ya taka. Ya ajiye na biyu. Wannan karon ya gyara ƙafa, ya saki gwiwa, ya juya yadda aka koya masa. Amma yana sauko da sanda, zuciyarsa ta riga shi zuwa hayi, kansa ya bi ta. Sanda ta daki ƙwallon a ƙeya. Ya tafi a ƙasa-ƙasa, ya taɓa ruwa ya yi tsalle, ya sake taɓawa ya yi tsalle, kamar dutsen da yara ke wurgawa a rafi. Sau uku. Saura kaɗan ya kai, sai ya nutse.

"Biyu."

Wurin ya yi tsit, sai kukan wata kurciya can cikin itatuwa. Habila ya dubi hannunsa. Bororon duk sun yage, jini na bin mariƙin sanda. Ya gwada dunƙule hannu, yatsun suka ƙi rufewa. Ya sake gwadawa har hawaye ya cika masa ido. Hannun da ya tsaga maɗaci ya kasa matse siririyar sanda.

Maigida ya ce, "Bawan Allah, hannun nan ba zai yi ba. In ka ga a bar shi haka, ba abin kunya ba ne."

Kyauta ta matso ta kwance ɗankwalinta ta ce a hankali, ba ba'a ko kaɗan, "Malam Habila, kawo in ɗaure maka hannun da sandar tamau. Ko ba ka matse ba, ɗaurin zai matse maka."

Habila ya dubi ɗankwalin. Dabara ce, kuma irin dabararsa ce. A ɗaure tamau, a rufe ido, a zuba sauran ƙarfin da ya rage. Har ya fara miƙa hannu. Sai ya waiga wajen Baba Obadiya. Tsohon bai motsa ba, bai ɗaga gira ba, bai yi tari ba. Yana zaune a kan dutsensa kamar yadda ya faɗa. Habila ya ji kamar ya yi masa ihu ya ce, "Baba, ka ce wani abu mana!" Sai ya tuna: duk abin da za a gaya masa an riga an gaya masa.

Ya janye hannu. Ya ce, "Na gode, Kyauta. Mai da ɗankwalinki."

Ya juya wajen maigida ya ce, "Ranka ya daɗe, doka ta hana a sa wake a ƙarƙashin ƙwallo?"

Maigida ya ce, "Wake? Ban taɓa yin doka a kan wake ba."

Habila ya durƙusa, ya danna waken cikin ƙasa, ya ɗora ƙwallo na uku a kai. Tun yana durƙushe ya ce a ransa, "Ya Ubangiji, nawa ya ƙare. Ka ga matata da 'ya'yana." Ya miƙe. Ya buɗe ƙafa daidai kafaɗa. Ya kwantar da sanda cikin yatsu, ya riƙe ta da ɗan abin da ciwo ya bar masa, riƙon da ko kara ba zai fasa ba. Ya ji kamar za ta kuɓuce. Komai na jikinsa na cewa ya matse. Bai matse ba. Ya kafa ido a kan farin ƙwallon, ya juya har bayansa ya kalli tafki, ya ɗan dakata, ya warware.

Sai ya ji "fiu," ƙarar langalanga. A tsakiyarta wani ɗan "ƙas," mara nauyi, kamar bai taɓa komai ba.

Ga waken nan a ƙasa, fari, yana kallonsa da baƙin idonsa.

Habila ya tsaya a haka, sanda a kafaɗa, diddigen dama a ɗage, idonsa a kan wake. Kunnensa na jiran tsundum. Ya ƙirga ɗaya. Ya ƙirga biyu. Ya ƙirga uku. Ruwa bai yi magana ba.

Abin da ya ji shi ne guɗa daga gindin mangwaro, muryar da ya sani tun ranar aurensa.

Sai a lokacin ya ɗaga kai. Can a hayi, taki ashirin bayan ruwa, ga ɗan farin abu zaune a kan ciyawa. A gabansa kuwa ko tabo babu a ƙasa, sai kan ciyawa da aka shafa.

Baba Obadiya ya sauko daga dutsensa a hankali, ya zo ya tsaya kusa da shi. Ya ce, "Ka ga tashinsa?"

Habila ya ce, "Ban gani ba, Baba. Wake na gani."

Tsohon ya ce, "To, ka iya."

Kafin bikin ɗan Irmiya, Habila da Tabita sun kwana a sabon ɗakinsu na bayan fili, su ne ma suka kai wa amarya gudummawar itace.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'ya'yana. Habila mu ne. Gatarin nan shi ne abin da kowannenmu ya iya yake kuma taƙama da shi: wani ƙarfi, wani wayo, wani baki, wata kuma iya tattali. Gatari ba mugun abu ba ne. Ranar da iska ta kayar da itace a filin nan, Habila aka kira, ya kuwa tsaga shi. Amma akwai tafkin da gatari ba ya tsallakarwa. Ba ka shiga mulkin Allah da ƙarfin damtse, ba ka sayen gafara da yawan wahalar da ka ɗora wa kanka. Rodin nan mai tsatsa, ku tuna, ba wanda ya ba Habila. Shi ya ɗauko, don ya raina kara. Haka muke yi. Ubangiji ya ba mu abu mai sauƙi, ya ce mu gaskata, mu yi addu'a, mu gafarta wa ɗan'uwa, mu yi aikin yau da aminci. Sai mu ce wannan ya yi ƙanƙanta, langalanga ce, aikin yara. Mu zaga bayan gida mu yi ta dukan fako har hannu ya yage.

Ke uwa da kika damƙe ɗanki don tsoron kada ya lalace, har ya daina gaya miki abin da ke ransa, ki duba ko ba kara kike murƙushewa ba. Kai maigida da ba ka barci don tunanin baɗi, har tuwon yau ba ya yi maka daɗi, kanka ne ya tashi kafin sanda ta sauka. Hayi na Allah ne. Naka shi ne waken da ke gabanka. Ku ma yara, mai jarrabawa gobe ba ya cin ta da zaman tunanin sakamako, sai da buɗe littafin yau.

Kun kuma ga tsohon ya yi shiru a ranar da aka fi bukatar maganarsa. Akwai ranaku irin wannan. Za ka yi addu'a ka ji kamar sama ta rufe. Ba yashe ka aka yi ba, yana nan zaune a gefe yana kallo. Ya riga ya yi magana, tana cikin Littafin da ke hannunku, tana cikin abin da kuke ji a kan bencin nan kowace Lahadi. Shi ya sa nake ce muku ku sa ta a aljihu tun ranar Jumma'a, don Asabar tana zuwa.

Abu ɗaya ne nake roƙon muku. Habila sai da hannunsa ya yage, ƙwallo biyu suka nutse, sa'an nan ya sassauta. Allah mai jinƙai ne, ya bar masa na uku. Amma tun ranar Talata aka miƙa masa kara. Kada ku jira jini kafin ku buɗe hannu.

Ƙurunƙus kan kusu. Wannan kuwa ba ta gizo ba ce, taku ce, kowa ya ɗauki rabonsa ya kai gida. Mai gyaɗa a aljihu, yanzu sai ka fito da ita a raba.